Ranar da Darakta Ya Zo Rumfata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Mundu lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin fushi. Na sa wannan takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin sallaya, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai kin isa masauki. Da gangan na yi. Abin da ke ciki ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Bokon da na tsinta a Maiduguri ne lokacin da nake bin shanu, hannun kuma ya fi sabawa da wuƙa.

Ba labarin gida zan ba ki ba. A kan maganar da kika yi ne ranar da takardar aikinki ta fito. Muna zaune a tsakar gida kika karanta mana cewa an tura ki ofishin sufetocin ilimi, sashen da ke zagaya makarantu masu zaman kansu ya duba abin da suke koyarwa, sannan ya ce a ba su amincewar gwamnati ko a hana su. Innarki ta rangaɗa guɗa. Ke kuwa kika ninke takardar kika ce, “Wallahi duk makarantar da na samu irin ta Barnabe sai na sa an rufe ta.” Yayanki ya tashi ya fita. Ni na ce Allah ya taimaka, amma na ture kwanon tuwona gefe, saboda na san abin da ba ki sani ba. Direban da ke kai mana fatu kudu ya gaya mini tun bara cewa mutumin yana can, ya tsufa, yana riƙe da wata 'yar makaranta a bayan coci, a cikin yankin da aka ba ki. Ko ba jima ko ba daɗe za ki tsaya a ƙofarsa da biro a hannunki. Kafin ranar ta zo, ina so ki ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya yi shi.

Lokacin muna unguwar Klemat, ba mu gina gidanmu na Gudji ba tukuna. Barnabe mai sayen nama ne a rumfata, duk Asabar yana zuwa a kan kekensa. 'Yan Nijar da ke kasuwa suna ce masa Mushe Barnabe, wai haka ake girmama malamin lakwal, wato makarantar boko. Ni mahauci ne, bakina ba ya iya kiran mai rai mushe, sai na riƙa ce masa Darakta. Ranar da na fassara masa dalili ya yi dariya har ya jingina da keken. Shi ne shugaban wata makarantar coci a unguwar Abena. Littattafansu daga waje suke zuwa, 'yan'uwansu na addini ke aiko musu, karatun kuma rabi Turanci rabi Faransanci. Turancin nan ne ya ja ni. Na sha tsayawa a bakin iyakar Najeriya ana magana a kaina ina kallon bakin mutane, na rantse ɗana ba zai yi irin wannan tsayuwa ba.

Da mahauta suka ji, kasuwa ta ɗauka. Ɗanjuma, wanda rumfarsa ke manne da tawa, ya ce, “Sabo, ɗanka na fari za ka kai wa masu coci? To, ka jira ya dawo maka da gicciye a wuya.” Maganar ta shige ni. Sau uku na je makarantar kafin na sa yaron, kuma duk sau ukun abu ɗaya na tambaya, shi ne addini. Darakta bai ɓoye mini komai ba. Ya ce da safe suna addu'arsu da karatun Littafinsu, yaran Musulmi kuma suna zama a wani aji su yi bitar darasi, in iyayensu sun so haka. Na ce na so. Ya cika alkawari, wannan shaida zan ba shi har gaban Allah. Yayanki ya yi shekara goma a wurinsa bai fasa salla ba, a cikin shekarun ne ma ya sauke Alƙur'ani a hannun malamin unguwa.

Kuskurena na farko ke nan. Na zuba ido a kan abin da aka tsorata ni da shi, na bar sauran duka. Ban tambayi wa ya tsara manhajar ba. Ban tambayi wace jarrabawa take kaiwa ba, ko kuma gwamnatin ƙasar nan ta san da ita. Ni da ba na rataya nama a rumfa sai na juya shi na ga tambarin likitan mayanka, domin na san komai kyawunsa in babu tambarin nan ba ni da bakin magana. Na san wannan a kan saniya, ban san shi a kan ɗana ba. Don haka, Ummi, in kin shiga makaranta kada abin da ke rataye a bakin ƙofa ya ɗauke miki hankali, gicciye ne ko allo. Ki wuce ciki ki buɗe littafin yaro ki ga inda karatun ya nufa.

Firamarensu tana da takarda, ban sani ba ma a lokacin, sa'a ce kawai. Matsalar ta fara da suka buɗe sashen kwaleji, shekarar da yayanki ya gama firamare. Darakta ya tara iyaye a cikin aji, muka zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu na taɓa ƙirji. Da Faransanci ya yi bayani, don yawancin iyayen ma'aikata ne. Faransancina kin san shi, na ciniki ne, daga gaisuwa sai kilo. Na dai kama kalma biyu. Ya ce agirema, na san ita ce takardar amincewar ma'aikatar ilimi. Sannan ya ce tana “an kur”. Ni kuwa kullum ina jin ku kuna cewa kuna da kur, wato darasi. Sai na haɗa a kaina cewa amincewar tana cikin darasin, abin da gwamnati ta yarda da shi ake koyarwa. Ashe nufinsa tana kan hanya, an nema ba a samu ba.

Da ya gama ya dube ni, don ya san ni, ya ce da Larabci, “Alhaji, ka fahimta, ko in maimaita?” Kusa da ni wani ma'aikacin banki ne da tabarau, yana ta rubutu a ɗan littafi. Na ji in na ce a maimaita duk ajin zai san mahauci ne ya shigo. Na gyara hula na ce, “Na fahimta sarai.”

Mai tambaya ba ya ɓata, mun sha faɗa, amma ranar na zaɓi ɓata a kan a gan ni ina tambaya. Ke yanzu za ki riƙa tsayawa a gaban iyaye irina, masu sayar da kifi da masu noman auduga. In kin yi bayani suka gyaɗa kai, kada ki yarda da kan. Ki faɗa da harshen da suke faɗa da matansu a gida, in ba ki iya ba ki nemi wanda ya iya. Sannan ki ce wa ɗaya daga cikinsu ya maimaita miki abin da ya ji, amma a gefe, ba a gaban jama'a ba. Wanda ya fi saurin cewa ya gane, shi za ki fara bi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce rashin sani ne, kuma abin da na bar ku kuka ɗauka ke nan duk shekarun nan, cewa an yi mini Faransanci an rufe ni. Ba a nan ya tsaya ba.

Bayan shekara biyu, wata Talata da hantsi, sai ga Darakta a rumfa. Na yi mamaki don ba ranarsa ba ce. Na ɗauki wuƙa, ya ɗaga hannu ya ce ba nama ya kawo shi ba. Ya jingine keken, ya matso, ya yi ƙasa da murya. Babu Faransanci ko kalma ɗaya a bakinsa ranar. Ya ce da Larabci, “Alhaji, katkat lissa ma marag. Takardar ba ta fito ba, kuma ba na ganin za ta fito kafin ajin ɗanka ya kai jarrabawa. Masu dubawa sun zo, sun ce manhajarmu ba ta yi daidai da ta ƙasa ba. Babu tarihin Chadi yadda suke so, awannin Larabci sun yi kaɗan, lissafinmu ma ba a jere yake da nasu ba. Gaskiya suka faɗa. Na rubuta wa shugabannin coci a canza, amma abin zai ɗauki lokaci.”

Na ce, “To, me kake so in yi?”

Ya ce, “Ka cire shi yanzu ka kai shi makarantar da ke da takarda. Za su mayar da shi baya shekara ɗaya. Yaro ne mai kai, zai cimma su. In ka jira, abin da zai rasa ya fi haka. Gida gida nake bi ina faɗa, kai na zo wurinka da kaina don na san ranar taron nan ba ka ji ni ba.”

Wannan ta ƙarshen ce ta ƙona ni. Ashe ya sani. Ga kuma Ɗanjuma can yana wasa wuƙa, yana wasa ta a hankali yadda zai ji komai. Shekara takwas ina cika masa baki, duk ranar da yayanki ya karanta wa wani baƙo takardar Turanci a kasuwa sai na ce, “Ɗanjuma, ina gicciyen?” Yanzu in cire yaron, in mayar da shi baya, in ce me? Na ɗaga murya yadda maƙwabcina zai ji daɗin sauraro, na ce, “Darakta, ɗana ba ya komawa baya. Takarda kuma ta Allah ce, za ta fito.”

Ya ce, “Alhaji, ka yi tunani.”

Na ce, “Na gama.” Na yanko hanta na ƙunsa masa, don in nuna babu komai. Bai karɓa ba. Ya hau kekensa ya tafi.

Ban gaya wa Innarki ba. Ta taɓa cewa ta ji 'yan ajin yayanki biyu sun koma makarantar gwamnati, ko lafiya? Na ce iyayensu ne ba su da haƙuri. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna kuma na yi yawo da shi shekara biyu. Abin da zan ce miki a nan gajere ne. In aka kawo miki gaskiya a gaban wanda kike jin kunyarsa, ki ce a ba ki zuwa gobe. Kada ki yanke hukuncin da wani zai ɗauki nauyinsa don kawai wani na uku yana kallo.

Sauran kin gani da idonki, kina 'yar shekara goma. Da lokacin birebe ya yi, wato jarrabawar gwamnati ta gama kwaleji, makarantar ba ta da ikon kai sunayen yara. Aka rubuta yayanki a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, Darakta ya yi ta koya musu manhajar gwamnati da yamma har wata uku, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya san kogunan ƙasashen da bai taɓa gani ba aka tambaye shi sarakunan Wadai da Bagirmi. Lissafin da ya iya da Turanci aka kawo masa shi da wasu sunaye. Ya faɗi. Makarantar gwamnati ta gwada shi ta ce sai dai ya koma baya aji biyu. Ya zauna da ƙananan yara wata huɗu, gemu ya fara fito masa, suna ce masa baban aji. Wata safiya na iso rumfa na tarar da shi ya riga ni, ya ɗaura walki yana feɗe akuya. Na ɗauki wuƙata na tsaya kusa da shi. Kin san tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kira. Na fake da wannan kunya na yi shiru, kuma ba don ita na yi shirun ba.

Abin da ba ki gani ba shi ne ranar da sakamako ya fito. Na hau babur na tafi Abena daidai lokacin da iyaye ke ɗaukar yara. Na tsaya a tsakiyar fili na ce Barnabe ya yaudare ni, ya yi mini turancin Faransa ya cinye wa ɗana shekaru, bai taɓa gaya mini babu takarda ba. Na rantse a kai, Ummi. Ya fito daga ofis da alli a hannunsa ya tsaya yana kallona. Jira nake ya ce, “Ranar Talata fa?” Da ya faɗa, da na ƙaryata shi, kuma da mutane sun fi yarda da ni, don ni ne mai ɗan da ya faɗi. Bai faɗa ba. Ya ce, “Alhaji, ka gaishe mini da yaron. Ka ce masa kada ya daina karatu.” Ko wannan saƙon ban isar ba.

Maganata ta zagaya unguwa. Iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu har daga firamaren da ba ta da laifin komai, ni ma na cire ki. Kafin shekara ta zagayo shugabannin cocin suka sauke shi, ya koma kudu. Daga baya an gyara manhajar yadda ya nema, takardar ta fito, wani ya zauna a kujerarsa aka yi biki.

Ba na ce miki shi ba shi da nasa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bai kamata ya buɗe kwaleji ya ɗauki 'ya'yan mutane a kan fatan takarda za ta fito ba, kuma ya amsa wannan da bakinsa a rumfata. Amma nasa kuskure ne, kuma ya bi gida gida yana gyarawa. Nawa ƙarya ce, kuma a kanta na rene ki. Duk lokacin da kika zauna karatu kina cewa sai kin zama mai hana irin abin da aka yi wa yayanki, ina jin daɗin ƙoƙarinki, ina kuma jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ga fushin nan yana kai ki gaba, sai na ce bari in ƙyale shi. Yanzu ya kai ki har ƙofar mutumin.

Ga abin da nake roƙonki. In kin je makarantarsa, ki duba ta kamar yadda za ki duba ta kowa. Ki ga takardarsa da idonki, kada ki karɓi “tana kan hanya”. Ki ƙirga awannin darasi, ki gwada littattafansa da manhajar ƙasa, ki tambayi yara abin da suka sani. In bai cika ba, ki rubuta bai cika ba, ki gaya wa iyayen da harshensu. Kada ki ɗaga masa ƙafa don ki biya abin da ubanki ya yi, domin yaran da ke ajin ne za su ɗauki nauyin tausayinki. In kuma ya cika, ki sa hannu ba tare da kin nemo masa wani laifi ba. In kin ji zuciyarki ba za ta iya tsayawa daidai ba, ki gaya wa shugabanki ya tura wani. Babu kunya a cikin wannan.

Saura abu ɗaya. Na ga bai dace ki ji wannan magana kafin mai ita ya ji ba. Don haka shekaranjiya, bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, na ce wa yayanki ya ajiye wuƙa ina da magana. Na zauna a kan turmin sara, shi yana tsaye. Na faɗa masa duka, tun daga taron iyaye har zuwa filin Abena. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba tunda aka haife shi. Da na gama na ce, “Ni na cuce ka, ba Darakta ba.”

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, “Baba, ai na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Darakta ya kira ni ofis washegarin ranar da ya zo wurinka. Ya ce ya yi maka magana, in je in lallashe ka. Na zo har bakin rumfa na ji kana ba Baba Ɗanjuma labarin Turancina, sai na koma.”

Na ce, “Shekara goma sha shida, ba ka taɓa faɗa ba? Kana ji ƙanwarka tana zagin mutumin?”

Ya ce, “In na wanke shi, wa zan shafa wa? Ai kai ne ubana.” Ya ɗauki wuƙarsa ya ce akwai mai jiran cinya, ya koma bakin aiki.

Ummi, na binne uwata da ubana ban yi kuka a gaban mutane ba. Ranar na juya wa kasuwa baya. Ina ganin ni nake rufa wa kaina asiri, ashe yaron da na karya ne yake rufa mini, yana tsaye kusa da ni kullum tun asuba. Na roƙe shi gafara ya ce babu komai. Innarki na gaya mata jiya, har yanzu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Ke ban san abin da za ki ce ba. In kin yi fushi, ki yi da ni, na cancanta, amma kada ki kai shi wurin aiki.

Ki riƙe salla. Ki gaida na gaba da ke, ki saurari na ƙasa da ke. Ki ci abinci, kin san halinki in aiki ya yi yawa. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da mutane lafiya, ya tsare hannunki daga sa hannu a kan zalunci, ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah ya ba yayanki abin da na hana shi, ta inda ban sani ba.

In kin gama aikinki a makarantar, kin rufe littafinki kin sa biro a jaka, ki koma ki yi masa sallama a matsayin 'yata. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda kike gaishe ni. Ki ce masa Sabo mahauci na Klemat ya ce ya yi masa ƙarya a gaban jama'a, yana neman gafara. In ya yarda, ki aiko mini, zan hau mota in zo in faɗa da bakina a gaban mutanen cocinsa, tunda a gaban mutane na ɓata shi. Kada ki daɗe, Ummi. Daga ni har shi mun tsufa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo